Ƙyallen Fuskar Garmahon Kakanka

Damagaram, unguwar Birni,
Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka kun sauka Yamai lafiya, kai da matarka Zara'u. Allah ya raba ku da sharrin hanya da na ƙarfe, ya sa ku shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki. Na sa takardar a ƙarƙashin murfin garmaho, don na san nan hannunka zai fara zuwa in kun kwance kaya.

A wannan watan ne shekara talatin da uku suka cika da aka hana ni kujerar shef, wato shugaban sashe, a biro, ofishinmu na gwamnati, aka ba wa mutumin da ni na koya wa yadda ake jera dosiye, takardun aiki. Ka ji labarin nan daga bakina har ka gaji. Masu shan shayi a ƙofar gidanmu ma, da sun ga na gyara zama na cire tabarau sai su fara zungurar juna, suna cewa Mushe, laƙabin da suke mini na ɗan boko, zai buɗe shari'a. Ban yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Na yi karatu a lokacin da masu karatu a garin nan ba su cika tabarma biyu ba, na ƙare a rumfa ina gyaran rediyon mutanen da ba su iya rubuta sunansu ba. Amma rabin labarin kawai ka sani, rabin da ya yi mini daɗin faɗi.

Shekaranjiya da kuke ɗaure kaya ka roƙe ni garmahon kakanka, na ce ka ɗauka. Ina zaune a zaure na ji Zara'u ta ce maka, “Wannan fuskar tasa da ta yage, in mun je zan samo ƙyalle in sa masa.”

Ka ce mata, “Ke dai bar shi. Hannun mata ne ya kai shi haka. Allah ya ji ƙan Inna, da ba ta taɓa shi ba da yau yana nan garau.”

Ta yi ƴar dariya ta ci gaba da naɗe tabarma. Na san irin wannan dariyar, na zauna da mai yin ta shekaru masu yawa. Tun daga lokacin abinci bai yi mini daɗi ba. Na so in kira ka in yi magana, bakina ya ƙi, shi ya sa na koma ga abin da na iya, wato rubutu.

Laminu, ba uwarka ce ta lalata garmahon nan ba. Ni ne.

Bari in faro maka daga tushe. Kakanka, Alhaji Mamman, falke ne na fata da gyaɗa. Daga Kano ya ɗauko garmahon a bayan babbar mota, naɗe cikin tabarmi, yana rungume da shi tun daga can har gida. Ka san sifarsa: akwatin jan katako, murfi a sama, hannu a gefe da ake yi masa wani. Abin da ba ka taɓa gani ba shi ne fuskarsa lokacin da take cikakkiya. An sassaƙa katako siriri kamar ganye da reshe, a bayan sassaƙar kuma aka shimfiɗa ƙyalle mai launin zuma. Bayan ƙyallen ne bakin ƙahon yake, inda murya ke fitowa. Aikin ƙyallen biyu ne, ya hana ƙura da ƙwari shiga, ya kuma bar murya ta fita.

Akwai wani tsoho a unguwar Zango, Malam Ari, mai gyaran agogo da keken ɗinki, shi yake zuwa duk shekara ya buɗe cikin garmahon ya sa masa mai. Shekarar da na dawo hutu daga lise, makarantar sakandare, Baba ya ce in zauna kusa da shi in ga yadda ake yi. Na ce ni ba don in ɓata hannu da baƙin mai aka kai ni lakwal ba. Na ƙara da karanta musu rubutun da ke cikin murfin, na faɗa musu sunan abin da Faransanci, a gaban abokan Baba. Baba ya dube ni ya ce, “To, Mushe, mun gode. Mu da ba mu san sunansa ba, mu muka sha ƙurar hanya muka kawo shi.” Aka yi dariya, ni kuwa na ɗauka yabona ake yi. Wannan ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. Kai ma ka yi karatu, har ka fi ni. In ka shiga wurin aiki ka tarar da tsohon da ya shekara ashirin yana abin da kai a takarda ka karanta, ka ja kujera kusa da shi ka yi shiru.

Uwarka, Yalwa, ƴar ƙauyen Dogo ce, kamar yadda ka sani, ɗiyar manomin da ke kawo wa Baba gyaɗa. Ni na gan ta na ce ina so, ba wanda ya tilasta ni. Ba ta yi lakwal ba ko na yini ɗaya. Da Baba ya rasu garmaho ya dawo ɗakina, ita ce ta zama mai kula da shi. Ta san wani nawa ake yi masa kafin hannun ya yi tauri a tsaya, ta san lokacin da allura ta cinye. Akwai wani faifai na goge da take so. In ta sa shi da hantsi tana tankaɗe, sai ta riƙa bin waƙar, har da nata baitocin da ta ƙara na mutanen Dogo. Muryarta tana kaiwa zaure. Nakan yi kamar ina karanta jarida.

Wata damina danshi ya ci ƙyallen na asali, ɓera ya ƙarasa. Rami ya buɗe, zanzaro ya shiga ya yi gini a cikin ƙahon. Ta yi mini magana, na ce zan aiko da irinsa daga Yamai. Shekara biyu ina faɗin haka.

Sai aka kawo mana sabon diraktar. Aka ce yana son tsofaffin kaya, aka kuma ce shi zai zaɓi shef. Na gayyace shi cin abincin rana a gida ran Lahadi, da niyyar ya ga ni ba kamar sauran ba ne, gidana gidan wayewa ne, har da garmaho na gado. Ran Laraba na faɗa wa uwarka.

Ran Juma'a da na dawo daga masallaci ta tarye ni a ƙofar ɗaki tana murmushi.

“Malam, zo ka gani. Na yi masa sabuwar fuska, kada baƙonka ya same shi da baki a yage.”

Ashe ta je Zango da kanta, ta durƙusa ta gaida Malam Ari, ta tambaye shi yadda ake yi. Ya ce ta nemo ƙyalle shara-shara wanda iska ke ratsawa. Ta duba kayanta kaf, ba ta ga wanda ya dace ba sai mayafi ɗaya, ta koma ta nuna masa ya ce ya yi. Mahaifiyarta ce ta kaɗa zarensa da hannunta, siriri kamar gashi, masaƙin Dogo ya saƙa, aka rina shi shuɗi mai haske. Shi ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannun tsohuwar kafin ta rasu. Uwarka ta sa almakashi ta yanke tsakiyarsa, wurin da saƙar ta fi daidaita. Ta fasa gidan zanzaro, ta share ƙahon, ta manne ƙyallen da ruwan ƙaro kamar yadda aka koya mata.

Ta yi wa garmaho wani, ta sa faifan gogen nan. Zan faɗa maka gaskiya tun da gaskiya na zauna rubutawa: ban taɓa jin muryarsa ta fito tas kamar ranar ba, ko a zamanin Baba. Kunnena ya ji. Amma idona bai ga komai ba sai shuɗin ƙyallen ƙauye mai ƙulle-ƙullen zare, da fuskar diraktar yana kallonsa.

Na ce, “Wane ne ya sa ki? Wannan tsumman za ki nuna wa mutumin da ya zauna a Faransa?”

Na sa yatsa ta cikin sassaƙar na fizge shi. Hannuna ya taɓa man inji, na goge da shi, na jefar a ƙasa.

Ta ce, “Mayafin Inna ne.”

Na ce, “Da kin bar shi a ƙasan adaka, can ya dace da shi.”

Ta tsuguna ta ɗauke shi ta fita.

Ɗana, in wani ya yi maka abu da iyakar abin da yake da shi, ka tambayi daga ina ya samo kafin ka ce bai yi ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin minti. Ni sai da na yage na san abin da na yage, kuma da na sani girman kai bai bar ni na tsaya ba.

Washegari Asabar na ɗauko ragowar shaddar babbar rigata, fara mai tsada, na kai mabuga aka sa mata ƙaro aka buge ta har tana ɗaukar ido. A tunanina, yadda muke girmama mutum da riga haka ake girmama kaya. Abin gado, baƙo babba, ai sai shadda. Na biya ta wurin Malam Ari in ari turnabis, abin kwance ƙusa. Ya karɓi shaddar ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya duba rana ta cikinta, sannan ya miƙo mini.

“Mushe, kara a bakinka ka hura. Sa tafin hannunka a baya.”

Na hura.

“Ka ji iska?”

Na ce ban ji ba.

“To, inda numfashi bai wuce ba murya ba ta wucewa. Garmaho ba ango ba ne, ba ya son shadda. Ina wanda mai ɗakinka ta nuna mini? Wancan ai ko waɗanda suka ƙera abin ba su sa masa kamarsa ba.”

Na ce wancan bai dace ba. Ya ga gwangwanin kwal a hannuna, gam ɗin nan mai wari na masu gyaran takalma, ya ce kada in kusanci katakon da shi, don in ya kama ba ya saki sai da tsoka. Na ce masa ni na karanta yadda sauti ke tafiya tun ina aji uku a lise. Ya miƙo mini turnabis ɗin ya ce, “Allah ya ba da sa'a. Karatu ya fi mu.”

Ban ma yi amfani da turnabis ɗin yadda ya kamata ba. Gaggawa ta hana ni kwance fuskar gaba ɗaya. Na sassauta ta, na shafa kwal a bayan kowane reshe da kowane ganye na sassaƙar, na danna shadda. Ta yi kyau, ba ƙarya. Ban gwada shi ba, don kada in ji abin da ba na so in ji.

Ran Lahadi diraktar ya zo da mutum biyu daga biro, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda daga baya aka ba kujerar. Aka ci, aka sha. Na tashi na yi wa garmaho wani, na sa faifai. Muryar ta fito kamar ta mai mura da ya lulluɓa da bargo yana magana daga ƙuryar ɗaki. Diraktar ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce ko mawaƙin bai ci abinci ba ne. Suka fashe da dariya. Na ce ƙyallen ne, bari in cire. Na kama gefen shaddar na ja. Kwal ya riƙe. Na ƙara ƙarfi. Sassaƙar da ta zo daga Kano a ƙirjin ubana ba ko ƙwarzane ta karye gida uku a hannuna.

A daidai lokacin uwarka ta iso bakin labule da tiren shayi, don na ce mata ta zo ta gaida baƙi. Na buɗe baki na ce da Faransanci, madam ce ta taɓa shi a bayan idona, kun san matan ƙauye. Suka sake dariya, wannan karon tare da ni. Uwarka ba ta jin Faransanci, amma ta san kalmar madam, ta kuma san dariya. Ta ajiye tiren, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta koma.

Bayan wata biyu aka ba wa wancan kujerar. Ba don garmaho ba ne, na sani sarai, shi ƙanin matar wani babba ne, an gama magana tun kafin in dafa shayi. Amma babban ya fi ƙarfina, uwarka kuwa tana kusa. Na riƙa faɗin labarin a zaure, a wurin suna, a wurin biki: an zalunce ni a biro, a gida kuma mace ta kunyata ni gaban baƙo. Na faɗa har na fara ganin hannunta a kan katakon in na rufe ido. Aka haife ka bayan shekara biyu, ka tashi ka tarar da labarin a gidan kamar yadda ka tarar da rijiya. Kunyar rana ɗaya na guje wa, da na ce ni ne da an yi dariya an manta kafin la'asar. Idan ka yi kuskure a gaban mutane, ka ɗauke shi a wurin da zafinsa. Kada ka waiga neman wanda ba zai iya mayar maka da magana ba.

Ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Wata rana yayarta, Gwaggonka Habi, ta zo daga Dogo ta ji ina faɗi, ta zabura za ta yi magana, don ita ta san mayafin. Uwarka ta dafa mata gwiwa ta ce, “Yaya, a bar wa Malam maganarsa.” Duk Juma'a takan share garmahon ta rufe shi da zane. Ba ta ƙara yi masa wani ba.

A ciwonta na ƙarshe na zauna kusa da ita wani yammaci, na shirya maganar a raina tun daga masallaci. Na ce, “Yalwa.” Ta ce, “Na'am, Malam.” Na sunkuyar da kai na kama gyara mata bargo. Sai ta ce, “A riƙa share garmahon nan, zanzaro ba ya jin kunya.” Na ce to. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kada ka ajiye ban haƙuri kana jiran ranar da zai yi sauƙin faɗi. Na jira shekara ashirin da huɗu, kullum ƙara nauyi yake.

Bayan na bar aiki, yunwa ta kai ni inda Baba ya so in je tun ina saurayi. Na zauna a rumfar Malam Ari da furfurata ina miƙa masa turnabis, bai taɓa tuna mini da maganar lise ba har ya rasu. Na sa wa rediyo da garmahon mutane ƙyalle ba adadi, har dillalan tsofaffin kaya suna nemana. Namu ne kaɗai ban iya taɓawa ba. Ga yadda ake yi, ka riƙe.

Ka buɗe ta ciki ka kwance ƙusoshin murɗi huɗun da ke riƙe da fuskar, ka zuba su a kwano don kada su ɓace, ba a samun irinsu yanzu. Ka kwantar da fuskar a kan tabarma. Gutsattsarin sassaƙar uku suna cikin ambulan a ɗan aljihun allurai, na ajiye su tun ranar. Ka kai wa mai aikin katako mai haƙuri, tsoho in da hali, ya kankare busasshen kwal ɗin nan a hankali ya haɗa su. Sawun karayar zai nuna, ku bar shi ya nuna. Ƙyalle kuwa, a ɗaga shi a rana a ga haske, a hura a ji iska a tafin hannu. Kada ya zama mai sitaci ko wanda aka buga. A jiƙa ƙaro ya yi ruwa-ruwa, a shafa a gefen katakon kawai, kada a taɓa sassaƙar. Amfanin ƙaro shi ne in an yi kuskure ruwan ɗumi yana sakinsa. A fara manne sama daga tsakiya zuwa gefe, sannan ƙasa, ana ja kaɗan kaɗan, ana duba zaren ya tafi a miƙe. In ya bushe a inuwa, a yayyafa masa ruwa, auduga za ta ɗame da kanta. Sannan a gwada da faifai kafin a kira kowa.

Abin da nake roƙonka guda ne. Ka karanta wa Zara'u wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake inda ya yi maka nauyi. Ita za ta zaɓi ƙyallen, ita za ta sa shi. Kai ka riƙe mata kwanon ƙusoshi. Maganar nan ta hannun mata daga bakina ka ɗauke ta, ka maido mini abata, kada ta kwana a gidanka. In kuma bayan ka karanta ka ji ba ka son jin muryata na wani lokaci, ba zan ce ka yi laifi ba. Ni ran Asabar zan hau mota in je Dogo wurin Gwaggonka Habi, in faɗa a gabanta da gaban ƴaƴanta. Ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba, na san abin da zan ji.

Ka gaida Zara'u, ka ce mata Baba ya sa mata albarka. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya ba ka shugabanni masu adalci irin waɗanda ni ban samu ba, ya hana ka zama irin mijin da na zama. Allah ya ji ƙan Alhaji Mamman da Malam Ari, ya haskaka kabarin Yalwa.

Mahaifinka,
Isufu Mamman.

Bayan rasuwarta na buɗe adakarta na sami mayafin a can ƙasa, a ninke, da rami mai kusurwa huɗu a tsakiya. Na auna abin da ya rage a gefe ko zai rufe fuskar garmahon, bai kai ba. Guntun da na goge hannu da shi ban san inda ta kai shi ba. Ta rayu shekara ashirin da huɗu a gidana bayan wannan Juma'ar, ban ƙara jin ta yi waƙa ba.